Yadda ƙaramar tawagar masu rubuta manhaja za ta rage katse aiki ba tare da an ɓata da kowa ba

Ƙaramin kamfanin manhaja a Garwa, Marwa ko Ngaundare, a arewacin Kamaru, sau da yawa mutum uku ne zuwa shida a ɗaki ɗaya, ƙofa a buɗe, wayar kowa a kan tebur. Su ne masu rubuta kod, wato umarnin da ke sa manhaja ta yi aiki, su ne masu amsa kiran mai kantin magani idan rasit ya ƙi fita, su ne kuma masu miƙewa su gaida baƙo. Yamma na yi kowa ya gaji tiɓis, amma aikin da aka yi alkawarin miƙawa ranar Alhamis yana nan inda aka bar shi.

Mai rubuta kod yana riƙe da abubuwa da yawa a ka lokaci guda: daga ina wannan adadi ya fito, wane ɓangare ne ya canza shi, a ina yake zargin kuskuren ya ɓuya. Kamar mai ƙirga kuɗi ne, kana yi masa magana sai ya koma farko. Chris Parnin da Spencer Rugaber na jami'ar Georgia Tech a Amurka sun bi diddigin zaman aiki kusan 10,000 na masu rubuta kod 86. A zama ɗaya cikin goma ne kawai mutum ya ci gaba da rubutu ƙasa da minti ɗaya bayan an katse shi, kuma Parnin ya ce abin da aka saba gani shi ne minti 10 zuwa 15 kafin hannu ya koma kan aiki. A ce an katse mutum sau takwas a wuni, kowane karo ya ci minti 5 na magana da minti 15 na dawowa hayyaci: minti 160 ke nan. Ga mutum biyar, sama da awa 13 a rana ɗaya, kusan aikin mutum biyu.

Shawarar da ake yawan ji daga waje ita ce a toshe kunne, a rufe ƙofa, kowa ya ji da kansa. A nan ba za ta yi ba. Baƙonka annabinka, kuma kwastoman da ya hau babur cikin rana ya zo aka ƙi ɗaga kai a dube shi ba zai dawo ba, zai kuma faɗa wa na kusa da shi a kasuwa. Abin da ke yiwuwa shi ne a ba duk mai neman magana mutum ɗaya da zai tarbe shi, da lokacin da za a saurare shi, da wurin da za a rubuta abin da ya faɗa.

Mataki na farko: a ƙirga tukuna

Kafin a kafa wata doka, a ɗauki mako ɗaya ana rubutawa. Kowa ya ajiye takarda kusa da kwamfutarsa, ya ja layi huɗu: lokaci, wa ya katse ni, me yake so, zai iya jira awa biyu ko a'a. Takarda da biro sun fi manhaja a nan, don buɗe wata taga a kwamfuta shi ma katsewa ne. A rubuta har da wanda mutum ya jawo wa kansa, kamar leƙa WhatsApp ko Facebook. Ranar Juma'a da safe a tattara takardun a duba tare.

Abu biyu za a nema: daga wa katsewar ta fi fitowa, kuma nawa ne cikinta da gaske ba sa iya jira. Kada a yi mamaki idan maigidan kamfanin ne ya zo na ɗaya. Shi ne mutumin da babu mai iya ce wa "ɗan jira", kuma shi ne mai shigowa da sabon tunani daga wurin kwastoma yana so a ji nan take. Don haka shi ya kamata ya karanta sakamakon da bakinsa. Idan yaro ne ya faɗa, sai ta zama rashin kunya, maganar ta mutu a nan.

Mataki na biyu: a tsara wuni bisa wuta da salla

Babban lokacin shiru, wato lokacin da ba a katse mai rubuta kod, yana bukatar aƙalla awa biyu a jere, awa uku ya fi. Safiya ce ta fi dacewa, daga ƙarfe 8:30 zuwa 11:30, tun ba a watan Maris da Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma bayan azahar kai ba ya ɗaukar lissafi mai zurfi. Daga 11:30 zuwa azahar a buɗe baki: tambayoyi, duba aikin juna, kiran kwastomomi. Bayan salla da abinci a sake yin shiru na awa ɗaya da rabi zuwa la'asar. Bayan la'asar taro da baƙi. Salla ta riga ta yanka wunin gida-gida, don haka duk abin da zai katse mutum a jingina shi da ita. Wanda ya tashi zuwa masallaci ya riga ya sauke abin da ke kansa, tambaya a lokacin ba ta cin komai. Abokan aikin da ba Musulmi ba su ma hutun ya zo musu daidai.

Wuta tana da nata tsarin. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ana ɗauke wuta unguwa-unguwa. Idan an san jadawalin unguwa, a ɗora lokacin shiru kan awannin da akwai wuta, a mayar da taro da zane a allo zuwa lokacin da babu. Yin taro alhali fanka na juyawa da intanet na gudu asara ce. Da azumi a ja lokacin shirun zuwa ƙarfe 7:30, a bar yamma ga ƙananan ayyuka.

A rubuta jadawalin da manyan haruffa a manna a ƙofa, da Hausa da Faransanci. A wayoyi kuma a kunna tsarin hana damuwa. A Android ana iya barin lambobin da aka zaɓa su shigo, kamar na iyaye da na gida, kuma duk wanda ya sake kira cikin minti 15 kiransa zai wuce. Wannan yana kwantar da hankalin mai tsoron kada wani abu ya faru a gida bai ji ba, wanda shi ne babban dalilin da mutane ke ƙin kashe ƙarar waya.

Mataki na uku: mai tarbar baƙi

Nan ne ƙashin bayan tsarin. Kowace rana mutum ɗaya ne ke ɗaukar duk abin da ya shigo daga waje: kira, saƙo, baƙo, har da maigida. Teburinsa shi ne na bakin ƙofa, wayar kamfani tana hannunsa. A ranarsa ba a ba shi aiki mai zurfi. Yana gyara ƙananan abubuwa, yana duba kod ɗin wasu, yana rubuta bayanai. Gobe wani ya karɓa. Idan tawagar mutum uku ce, a yi rabin wuni-rabin wuni. Idan kwastomomin na da matsalolin da ke ɗaukar kwanaki, a yi mako-mako don kada zance ya riƙa sauya hannu.

Kayan aikin ba su da yawa: layi ɗaya na kamfani, MTN ko Orange, waya mai sauƙin kuɗi da WhatsApp Business a kai, da littafi ko allon ayyuka. Ana iya haɗa lambar da wasu na'urori har huɗu, don haka mai tarbar yana iya amsawa daga kwamfutarsa. A saita saƙon da ke fita da kansa bayan an tashi, mai faɗin lokacin da za a amsa. A yi amfani da alamomin da manhajar ke bari a liƙa wa hira: sabo, ana kai, an gama.

Idan Alhaji mai shagon kayan gini ya shigo ƙarfe goma yana neman yaron da ya haɗa masa manhajar, mai tarbar ya miƙe, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ba shi kujera da ruwa. Wanda ake nema shi ma ya ɗago ya gaisa, gaisuwa ba ta cikin abin da ake hanawa. Sai mai tarbar ya ce: "Alhaji, yau ni ke karɓar saƙo. Faɗa mini abin da ya faru in rubuta, yanzu yana tsakiyar wani lissafi ne, in ya tashi zai rikice masa. Kafin azahar zan kira ka da amsa, in Allah ya yarda." Ya rubuta a gaban Alhajin, ya karanta masa abin da ya rubuta. Ganin biro na tafiya a kan takarda yana kwantar da ran kwastoma fiye da kowane lallashi. Sannan dole a kira kafin azahar ɗin, ko da amsar ita ce ba a gano ba tukuna. Sau biyu aka saɓa, Alhaji zai koma neman yaronsa kai tsaye.

Tsarin yakan lalace ta hanya uku. Ta farko, a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibin da ya zo koyon aiki tarbar kullum. Ba ya iya warware komai, sai ya zama ɗan aike mai zuwa ya taɓa kafaɗar manya, an koma gidan jiya, shi kuma bai koyi rubuta kod ba. Kowa ya yi nasa zagayen, har wanda ya fi kowa ƙwarewa. Ta biyu, lambobin ma'aikata da suka riga suka yaɗu a hannun kwastomomi. Ba a gyara wannan da faɗa. Duk saƙon da ya shigo wayar mutum, ya tura shi layin kamfani, amsar kuma ta fito daga layin kamfani. Cikin 'yan makonni kwastoma zai gane inda ake samun amsa da wuri. Ta uku ita ce saƙon murya. Yawancin kwastomominmu da murya suke aiko da koke, wani da Hausa, wani da Fulatanci, wani minti huɗu wanda uku gaisuwa ce. Kada a tura wa mai gyara muryar yadda take. Mai tarbar ya saurara, ya mayar da ita rubutu layi uku, ya nemi hoton fuskar kwamfutar ko wayar inda matsalar ta bayyana. Murya ba ta bincikuwa. Bayan wata biyu babu mai iya gano wa ya ce me.

Maigida shi ma ta wannan ƙofar zai bi. Sabon tunanin da ya zo da shi daga wurin kwastoma ya faɗa wa mai tarbar, ko ya rubuta a allo, a tattauna da 11:30.

Mataki na huɗu: a yanke abin da ake kira gaggawa

In ba a yanke ba, komai gaggawa ne. A zauna a rubuta abubuwan da suka isa a tayar da mutum daga lokacin shiru, kada su wuce huɗu ko biyar. Misali: manhajar ta tsaya gaba ɗaya kwastoma ba ya iya sayarwa, an cire kuɗin mutum ta Orange Money ko MoMo amma biyan bai shiga ba, bayanai suna ɓacewa ko wani yana ganin abin da bai kamata ya gani ba. Waɗannan a taɓa kafaɗa nan take. Rasit da ya fito a karkace, rahoton da jimillarsa ba ta yi daidai ba amma ana ci gaba da ciniki, waɗannan na yau ne, su jira 11:30. Sabon maɓalli ko canjin launi su shiga allo, a ba su rana a taron mako.

A lura da kalanda. Mai manhajar makarantu ya san farkon Satumba, lokacin komawa karatu, kira zai yi yawa. Mai manhajar albashi ya san ƙarshen wata. A irin waɗannan makonni a sa masu tarba biyu, kuma kada a yi alkawarin miƙa babban aiki.

Mataki na biyar: tambaya tsakanin abokan aiki

Matsalar fuska biyu gare ta. Akwai mai tambaya kowane minti goma, akwai kuma mai kunya da zai kwana biyu a maƙale bai buɗe baki ba don kada a ce bai iya ba. Na biyun ya fi tsada, kuma ya fi yawa a cikin sababbin ma'aikata. Doka ɗaya ta ishe su duka: in ka maƙale, ka yi ƙoƙari da kanka minti 30, in sun cika ba ka fita ba, wajibi ne ka rubuta tambaya. Da yake doka ce, mai kunya ya samu abin fakewa.

Tambayar ta zo cikin saƙo ɗaya, gaisuwa da bukata tare. Aika "Salam, Yaya" kaɗai a zauna jiran amsa yana katse mutum sau biyu. Ga yadda ta kamata ta kasance: "Yaya, barka da aiki. Ina kan shafin biyan kuɗin makaranta. In an biya rabi, ragowar tana nuna sifili. Na duba lissafin ragi, daidai yake; ina zargin wurin da ake ajiye biyan farko. Ga hoton saƙon kuskuren. Ba gaggawa, na koma kan rasit kafin 11:30." Abin da nake yi, abin da na gani, abin da na gwada, da yaushe nake bukata. Sau da yawa kafin mutum ya gama rubuta layi na uku ya ga amsar da kansa.

Sabon ma'aikaci a watansa na farko a ware masa mutum ɗaya da zai riƙa zama da shi minti 20 sau biyu a rana. Tambayoyinsa su taru zuwa lokacin.

Mataki na shida: a bar alama kafin a tashi

Wata katsewar ba makawa: gaggawa ta gaske, kiran salla, ko wuta ta tafi batir ya kusa ƙarewa. Kafin ka miƙe, ɗauki daƙiƙa 30 ka rubuta layi biyu a cikin kod ɗin ko a takarda: ina nan, abin da zan gwada na gaba shi ne kaza. Mai neman ka zai iya jiran rabin minti. "Bari in ajiye alama" magana ce da ya kamata kowa a ofis ya saba ji. Wasu kan bar gwajin kod da bai wuce ba da gangan, don suna dawowa jan rubutun kuskuren ya nuna musu inda suka tsaya.

Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, ba ya bukatar intanet don ajiye aiki. A yi aiki a reshe na daban, a riƙa yin git commit, wato ajiye canji a tarihin, ƙanana-ƙanana ko da aikin bai kammala ba, a tura idan layi ya dawo. Wannan ya fi git stash, wato jingine canji a gefe na ɗan lokaci, wanda a kwamfutar mutum kaɗai yake zama kuma ana yawan mantawa da shi. Na'urar raba intanet kuma a sa mata ƙaramin batir nata. Yawancinsu volt 9 ko 12 suke ci, kuma hakan na hana kowa tsayawa a duk lokacin da wuta ta ƙifta.

Mataki na bakwai: taron safe da wurin ajiye magana

Ƙarfe 8:15, a tsaye, minti 15, adadin da Scrum, wani tsarin tafiyar da aikin tawaga, ya ƙayyade. Kowa ya faɗi abin da zai gama yau da abin da ya tare masa hanya. Mai tarbar jiya ya miƙa wa na yau abin da ya rage. Duk maganar da ta fara tsawo a ce "bayan taro", masu ruwa da tsaki kaɗai su tsaya. Gaisuwa da tambayar iyali a yi su kafin 8:15, da shayi in akwai. In aka hana su gaba ɗaya za su ɓullo a tsakiyar lokacin shiru.

Rukunin WhatsApp na tawaga yana da amfani ga "na makara" da "an kawo wuta", amma ba wurin ajiye shawara ba ne. Ko saƙon da aka maƙala a sama kwana 30 ne iyakarsa. Kowane aiki ya samu kati ɗaya, a shafukan intanet irin su Trello ko GitHub, ko a allon bango da 'yan takardu, wanda shi ba ruwansa da wuta. A katin a rubuta wa ya nema, me aka yanke, wa ke yi, yaushe. A ofis ana iya tattaunawa da Hausa a gauraya da Fulatanci, amma a zaɓi harshe ɗaya na rubuta kati, wanda kowa ke karantawa ba wahala, galibi Faransanci. Abin da aka yanke da kwastoma a waya a aika masa a rubuce ranar: "Alhaji, kamar yadda muka yi magana, za a ƙara rahoton bashi, a miƙa ranar 20." Wannan layin yana kashe gardamar "ai ba haka na ce ba" tun kafin ta taso.

Masu aiki da kwastoma a Faransa su tuna cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, sauran watanni kuma daidai muke. Taron da aka sa "ƙarfe 11" ba a faɗi na wace ƙasa ba yana iya faɗowa tsakiyar lokacin shiru.

Bukatar rubutu tana ƙaruwa da yawan mutane fiye da yadda ake zato. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin babbar manhajar OS/360 a kamfanin kwamfuta na IBM, ya yi lissafin tun 1975: mutum uku hanyoyin magana uku ne tsakaninsu, mutum biyar goma, mutum takwas 28. Tawagar da ta yi shekara tana tafiya lafiya da magana ta baki tana iya rikicewa da ɗaukar mutum biyu kacal.

Bayan wata ɗaya

A sake fito da takardun ƙirga na mako guda, a kwatanta da na farko. In katsewar ba ta ragu ba, a duba layi na biyu, na wa ya katse ni. In kwastomomi ne, alkawarin kira ne ba a cikawa. In abokan aiki ne, lokacin buɗe baki ya yi kaɗan, a ƙara wani rabin awa bayan azahar. In kuwa katsewar ta ragu amma ana samun aikin da aka yi ba daidai ba saboda mutum ya ƙi tambaya, shirun ya yi yawa: a rage minti 30 na maƙalewa zuwa 15, mai tarbar kuma ya riƙa zagayawa da 11:30 yana tambayar kowa, ɗaya bayan ɗaya, inda ya tsaya.